An ba ta gurbi a sashen zayyana, amma wai za a sake tace su bayan shekara guda

Babbar Yaya:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Don Allah masu sani ku warware mini wani abu da ya hana ni barci jiya. Ƙanwata ta nemi digirin farko a fannin zayyana, ɓangaren tsara hotuna da rubutu da tambarin kamfanoni. Ta kai makin da ake nema, ta tura kundin ayyukanta, aka yi mata hira ta bidiyo, kuma alhamdu lillahi takarda ta fito. Muna ta murna. Sai da dare na zauna na karanta takardar a tsanake, na hango wani layi can ƙasa da 'yan mitsi-mitsin baƙaƙe. Wai wannan gurbin na shekarar share fage ne kawai, a ƙarshenta za a sake duba aikin kowa, wanda aka zaɓa shi zai wuce aji biyu a sashen. To ni fa na rasa gane kan abin. An ɗauke ta ne ko ba a ɗauke ta ba? Haka ake yi ko'ina, ko wannan makarantar ce ke da wayo?

Sarkin Gardama:
Wa alaikumus salam Yaya. Ba wani ɓoye-ɓoye, kasuwanci ne. A kwashi yara fiye da kujerun da ake da su, a karɓi kuɗin shekara guda a hannun kowa, sannan a ce wa rabi su san inda dare ya yi musu. Ki ce mata ta nemi wani wurin tun da sauran lokaci.

Malamin Situdiyo:
Sarki, ka yi saurin yanke hukunci kamar yadda ka saba. Yaya, ki kwantar da hankalinki tukuna. Wannan tsarin ya girmi makarantar da kike magana a kai, ko wacce ce. Asalinsa makarantar Bauhaus ce ta Jamus, wadda Walter Gropius ya buɗe a garin Weimar a 1919. Can ne aka kafa dokar cewa duk sabon ɗalibi sai ya fara yin kwas ɗin share fage, wanda Johannes Itten ya tsara, na wata shida a farkon lamari. Sai ka haye shi za a bar ka ka shiga ɗakin sana'a, ko na saƙa, ko na ƙarfe, ko na katako. Da Itten ya bar makarantar a 1923, Moholy-Nagy da Josef Albers suka ci gaba da shi. Albers yakan ba ɗalibai takarda, su naɗe, su yanka, su lanƙwasa, har su gano me takarda za ta iya ɗauka da me ba za ta iya ba. An rufe makarantar a 1933 saboda matsin 'yan Nazi, malamanta suka watsu, da yawansu suka nufi Amurka, suka tafi da tsarin.

Dalilin kuwa bai canza ba har yau. Sakamakon sakandare yana gaya mana yaro ya iya karatu da rubuta jarrabawa. Kundin ayyuka yana gaya mana abin da hannunsa ya taɓa yi, ko kuma, mu faɗi gaskiya, abin da hannun wani ya taya shi yi. Amma babu ɗaya cikin biyun da ke nuna yadda zai yi in aka kushe aikin da ya kwana uku a kansa, aka ce ya koma ya sake. Wannan sai an zauna da mutum. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ɗan Kwali:
Malam, duk abin da ka faɗa haka ne, amma ni da aka tace ni aka zubar bari in faɗi yadda abin yake daga ɗaya gefen.

Zayyanar kayan masarufi na shiga, irin su kujera da fitila da kwalabe. Ranar tacewar an ba kowa allo ɗaya da tebur ɗaya. Mun shiga da sassafe mun kafe ayyukanmu da ƙusoshin allo, muka jera samfuran kwali a kan tebur, aka kore mu waje aka rufe ƙofa. Ni na san allona ya fi na kowa kyau a layinmu, don na kwana biyu ina buga hotuna a takarda mai sheƙi. Wanda ke gefena kuwa, wallahi allonsa kamar bola. Marikin ƙofa ɗaya ya zana ya fi sau talatin, wasu ma a bayan takardar da aka riga aka yi amfani da ita, ga guntayen soso da ya sassaƙa duk sun yi baƙi da dattin hannu. A raina har tausayinsa na ji.

Bayan mako biyu saƙo ya zo. Shi ya wuce, ni an ce in sake nema baɗi ko in koma wani sashe. Da na je neman bayani, malamar da ta karɓe ni ta buɗe fayil ɗina ta ce sun ga inda na isa amma ba su ga ta inda na bi ba. Ta tambaye ni ina littafin gwaje-gwajena. Na ce na bar shi a ɗaki don ya yi datti. Ta dai kalle ni kawai.

Abin da ya ƙona mini rai ba faɗuwar ba ce. Babu wanda ya zaunar da mu a farkon shekara ya ce ga abin da za a auna. Yana rubuce a kundin dokokin sashe, shafi na nawa ne ma, amma wane ɗan shekara 18 ne ke karanta wannan?

Sarkin Gardama:
Kun ji ko? Ga shaida nan da bakinsa.

Ɗan Kwali:
A'a Sarki, kada ka ara bakina ka ci mini albasa. Ban ce zamba ba ce. Na sake nema shekarar da ta biyo, na wuce, na gama. Cewa na yi a riƙa yi wa yara bayani.

Akawun Rajista:
Ni ba mai zane ba ce, ko da'ira ban iya yi daidai ba, amma na daɗe ina aiki a ofishin da ake ajiye sakamakon ɗalibai, kuma kukan da ake yi a gaban teburina kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Yaya, tambayarki ta farko ga makarantar ita ce wannan: tacewar ta ƙa'ida ce ko ta gasa?

Ta ƙa'ida ita ce a ce duk wanda ya kai maki kaza, kuma kwamiti ya gamsu da kundinsa, ya wuce, ko da ajin gaba ɗaya ne. Ta gasa kuwa kujeru a ƙidaye suke. Yarinya za ta iya cin kowane kwas da maki mai kyau, ba ta yi laifin komai ba, amma a ce wasu sun fi ta, shi ke nan. A takarda kalmominsu kusan ɗaya ne, a rayuwar yaro kuwa sama da ƙasa ne. In ta gasa ce, ki nemi su gaya miki mutum nawa suka nema, nawa suka wuce, a shekaru ukun da suka gabata. Suna da alƙaluman. In suka fara kwana-kwana, wannan ma amsa ce.

Sai ta biyu: in ba ta wuce ba, sau nawa aka yarda ta sake nema? Wasu sau ɗaya ne, wasu sau biyu. Ta uku kuma, wadda iyaye ba sa tunawa sai an makara: kwasa-kwasan shekarar farkon, za a lissafa mata su in ta koma wani sashe, ko sun bi ruwa? Ki sa su amsa a rubuce, kada ki yarda da maganar waya.

Babbar Yaya:
Allah ya saka da alheri Anti. Wallahi ko ɗaya cikin ukun ban yi tunani ba. Gobe da safe zan rubuta musu.

Malamin Situdiyo:
Anti ta taɓo inda gizo ke saƙa. Kuma a nan zan ba Sarki rabin gaskiyarsa, kada ya ce na cika kare abokan aikina. Makarantar da ta san kujerunta kaɗan ne, ta ɗebi ninki biyu ko uku, ba ta kuma faɗa a fili tun a takardar talla ba, ta ci amana. Amma ƙarancin kujerun kansa ba ƙarya ba ne. Ajin lacca za ka iya cusa mutum ɗari uku malami ɗaya ya yi musu magana. Situdiyo ba haka ba ne. Kowane ɗalibi yana da teburinsa, ni kuma dole in zagaya in tsaya a kan kowane tebur. In mutum 20 ne, na ba kowa minti 10, awa uku da 'yan kai sun tafi ke nan ban ko zauna ba. Ga injinan ɗakin sana'a, zarto mai lantarki ba a barin mutum hamsin su yi layi a kansa.

Ƙaramin Cikinku:
Malam barka da dare, ku yi haƙuri in tsoma baki cikin manya. Ni ajin ƙarshe nake a sakandare, kuma wannan fannin nake so. Ina zana fuskokin 'yan ƙwallo da fensir, in ka gani za ka rantse hoto ne, har mutane na cewa in sayar. Ina da kusan 25. Su zan haɗa a kundin ko?

Malamin Situdiyo:
Ɗana, kada ranka ya ɓaci da abin da zan faɗa. Ka saka ɗaya, in ka matsa biyu. Sauran ka ajiye wa masoyanka.

Kwafar hoto ta nuna kana da haƙuri kuma hannunka na jin magana, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai duk shawarar da ke cikin aikin, mai ɗaukar hoton ne ya yanke ta: inda haske ya faɗo, inda aka datse, me aka bari a baya. Kai ka bi sawu ne kawai. Masu tantancewa so suke su ga zanen da ka yi kana kallon abu a gabanka, da idonka, ba ta gilashin waya ba. Ɗauki almakashi ka ajiye a tebur ka zana shi a buɗe, a rufe, daga sama, daga gefe. Zana hannunka na hagu. Zana ƙarƙashin kujera, inda babu wanda ke leƙawa.

Akwai wata tsohuwar makaranta a jihar Rod Ailan ta Amurka, RISD, da aka kafa a 1877. A da, ta yi shekara da shekaru tana sa masu neman shiga su zana keke. Ka ce keke kawai? Gwada yanzu daga ka, ba tare da ka kalla ba, ka ga ko za ka tuna inda sarƙa ta bi da inda ƙarfen sirdi ya haɗu da sauran. Yawancin mutane sun hau keke sau dubu amma ba su taɓa kallonsa ba. Makarantar Cooper Union da ke birnin Niyok ita kuma tambayoyi take aika wa masu nema su yi a gida cikin 'yan makonni, don ta ga yadda kansu ke aiki in an ba su abin da ba su shirya masa ba.

Mai Allura:
Bari in ƙara wa ƙanina kaɗan, ni zayyanar tufafi da yadi na karanta. Kowace makaranta tana faɗin adadin ayyukan da take so, yawanci tsakanin 10 zuwa 20 ne. In sun ce 12, to 12. Kada ka ce bari in burge su da 30, ka nuna musu ke nan tun daga bakin ƙofa ba ka bin umarni, kuma ba ka iya zaɓe ba, alhali zaɓe shi ne rabin sana'ar. Mafi ƙarfi ka sa a farko. Wanda kake shakka a kansa, cire shi, domin a hira shi za su ɗora wa yatsa.

Sannan hoton aikin. Na ga riga mai kyau da aka kashe ta da hoto, an rataye ta a ƙofa da dare, ga inuwar mai ɗauka ta rufe rabi. Ka fita da aikin inda hasken rana yake amma ba ya dukansa kai tsaye, ka sa farin bango a baya. Waya ta isa.

Ni a hirata, wata tsohuwa ce cikin mutum ukun da suka yi mini hirar ta ture duk zanukan da na ji da su, ta ɗauki wani ƙyalle da na gwada rini a kansa ya ƙi kamawa, ya fito dabbare-dabbare. Ta ce me ya faru a nan? Na yi mata bayanin cewa yadin ba auduga zalla ba ne, akwai roba a ciki, shi ya sa rinin ya ƙi shiga, na gano haka ne bayan na ƙona zare ɗaya na ga ya narke ya dunƙule maimakon ya zama toka. Minti goma muka yi a kan ƙyallen nan. Na fito ina cewa na faɗi, ashe shi ya shigar da ni.

Ƙaramin Cikinku:
Kai. To Anti in ban iya kwamfuta sosai ba fa? Ban taɓa taɓa Photoshop ba.

Mai Allura:
Za su koya maka, aikinsu ke nan. Ido ne ba sa iya saya maka.

Sarkin Gardama:
Ni fa duk wannan wahalar ban ga amfaninta ba. Likita dole ya yi digiri, don doka ta hana shi taɓa mara lafiya sai da lasisi. Mai zayyanar tambari wa ya taɓa tambayarsa takarda? Abokin ciniki aiki yake kallo. Yaro ya zauna da YouTube wata shida ya fi wasu masu digirin. Balle yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke fitar da hoto cikin daƙiƙa biyar. A kai yarinya ta sha tacewa biyu a kan sana'ar da na'ura ke shirin cinyewa?

Ɗan Kwali:
Maganar lasisi gaskiyarka ce a zayyanar hoto. Amma ka lura, ginin gidaje daban ne, can a ƙasashe da dama sunan "akitek" ma doka ta tsare shi, sai wanda ya bi ta makarantar da aka amince da ita ya yi rajista. Don haka wanda yake tunanin ɓangaren gini ko abin da ya jiɓance shi, ya duba wannan da kyau kafin ya ɗauki shawararka.

Ni kuma abin da na samu a makaranta wanda bidiyo ba zai ba ni ba, zaman suka ne. Ka kafe aikinka a bango, ka tsaya a gefensa kamar wanda ake tuhuma, mutum ashirin na zaune, malami ya yi shiru na minti ɗaya cur yana kallo, sannan ya ce me ya sa wannan layin yake nan? In ka ce don ya yi kyau, ka mutu. YouTube bai taɓa ce wa kowa aikinka bai yi ba.

Malamin Situdiyo:
A kan na'urar, Sarki, ita ce ma ta ƙara wa littafin gwaje-gwaje daraja. Da can kyakkyawan hoton ƙarshe yana nufin mutum ya sha wuya. Yanzu ba ya nufin komai shi kaɗai. Shi ya sa makarantu ke ƙara neman a nuna matakan aiki, wasu kuma suna neman mai nema ya bayyana in ya yi amfani da irin waɗannan manhajoji. Kowace da dokarta, a karanta. Amma wanda ya ɓoye, a hira ake kama shi, tambaya biyu ta isa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Wasu ƙasashen ma tun da daɗewa ba su dogara da abin da aka yi a gida ba. A Jamus ka fara tura jakar ayyukanka, in ta haye a kira ka jarrabawar gwajin baiwa, ka zauna a gabansu ka yi aiki. Har ma akan ɗauki wanda ba shi da takardar kammala babbar sakandare in baiwarsa ta fita daban. A Indiya akwai jarrabawar UCEED da cibiyar fasaha ta IIT Bombay ke shiryawa tun 2015, tana da ɓangaren tambayoyi a kwamfuta da ɓangaren zane da hannu. Cibiyar zayyana ta ƙasar da ke Ahmedabad, wadda aka kafa a 1961 bayan rahoton da Charles da Ray Eames suka rubuta wa gwamnati a 1958, ita ma mataki biyu take yi, na biyun a situdiyo. A Sin kuwa sai ka yi jarrabawar zane daban, ka kuma yi babbar jarrabawar shiga jami'a ta kowa da kowa. Ingila ta bi wata hanyar, yara da yawa suna yin shekarar share fagen ne a matsayin difloma mai zaman kanta kafin ma su nemi digirin, digirin kuma shekara uku.

Sarkin Gardama:
Malam ya zagaya da mu duniya don dai kada ya ce na yi gaskiya.

Mai Kula da Zaure:
Sarki, an ba ka rabin gaskiya ɗazu, ka riƙe ta da kyau. A koma kan tambayar Yaya don Allah. Muhawarar digiri da rashinsa mun yi ta sau uku a zauren nan, wanda yake so ya nemo ta a baya.

Akawun Rajista:
To bari in dawo da mu, don ko ta wuce tacewar ba a gama ba. Abin da ya fi kayar da ɗaliban zayyana a wurina ba rashin baiwa ba ne, jerin kwasa-kwasan situdiyo ne. A sarƙe suke: sai ka ci na ɗaya za ka yi na biyu, sai ka ci na biyu za ka yi na uku. Kuma sau da yawa kowanne sau ɗaya ake bayar da shi a shekara. Ɗalibin tarihi in ya faɗi kwas ɗaya yakan ja shi gaba ya ci gaba da sauran. Ɗalibin zayyana in ya faɗi situdiyo ɗaya, shekara guda ta tafi, abokansa sun wuce shi.

Wani tarkon kuma, makin da jami'a ta ce an ci da shi ba lallai shi ne makin da sashe ya yarda da shi ba. A Amurka, misali, D ci ne a jami'o'i da yawa, amma sashen zayyana sai ya ce kwas ɗinsa sai da C ko sama. Yaro ya ga bai faɗi ba ya yi ta murna, ranar rajista kwamfuta ta ƙi buɗe masa kwas na gaba. Mai karɓar tallafin gwamnatin tarayya a can kuma yana da wani ma'aunin a kansa: matsakaicin maki kada ya gaza 2.0 cikin 4.0, ya ci kusan kashi 67 cikin ɗari na abin da ya yi rajista, ya kuma gama kafin ya wuce ninki ɗaya da rabi na tsawon karatun. Kun ga ke nan yawan janyewa daga kwas ma yana ci masa, ko da bai faɗi ba.

A Ingila 40 ne makin ci, kuma a yawancin jami'o'i in ka sake aikin da ka faɗi, ko ka yi abin da ya kai 80, 40 ɗin za a rubuta maka. A Holan kuwa shekarar farko kiredit 60 ce (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kwas), makaranta ta sa adadin da dole ka samu a ciki, in ka gaza ta ba ka shawarar da sunanta kawai shawara, amma dole ce: ka bar wannan karatun. Saboda haka ko inda babu layin da Yaya ta gani a takarda, ƙofa ta biyun tana nan, suna kawai aka canza mata.

Mai Allura:
Anti ki ƙara da zuwa aji. Mu a sashenmu fashi kaɗan ne aka yarda da shi a situdiyo, ka wuce shi makinka ya fara zubewa ko da aikinka ya fi na kowa. Da farko na ɗauka mugunta ce. Daga baya na gane in ba ka zo ba malami bai ga aikin yana girma ba, ranar ƙarshe ka kawo abu cikakke, ta ina zai san naka ne?

Kuma lokaci. Kiredit ɗaya a tsarin Turai awa 25 zuwa 30 ne na aiki, shekara ke nan awa 1,500 zuwa 1,800. A takarda kowa haka ne, amma na zayyana yakan zarce, don ba a gama zane, ƙwace shi ake yi. Wanda zai haɗa da aikin neman kuɗi ya yi lissafi tun yanzu.

Malamin Situdiyo:
"Ƙwace shi ake yi," kin tuna mini. A makarantar fasaha ta Faris, a ƙarni na 19, amalanke ake turowa ya zagaya ya kwashi zanukan ɗaliban gini in wa'adi ya cika. Ana ba da labarin wasu har tsalle suke yi su hau amalanken suna ƙarasa zanen a hanya. Sunan amalanke da Faransanci, sharet, shi ne har yau masu zayyana ke kiran aikin gaggawa na kwana-kwanan ƙarshe da shi. Amma ni ban yarda da masu mayar da rashin barci abin alfahari ba. Yawancin yatsun da na ga an yanka da wuƙar kwali, da asuba aka yanka su. Kuma aikin da aka yi a daren ƙarshe ana gane shi daga bakin ƙofa, gam bai ma bushe ba.

Wani abu ɗaya, Yaya, ki duba sunan digirin. A Amurka akwai BFA akwai BA. Na farkon kusan kashi biyu cikin uku na karatun a situdiyo da abin da ya shafe shi ne, na biyun kuwa an fi faɗaɗa shi da sauran darussa. Wasu makarantun tacewar nan ita ce ke raba wa zai bi wanne. In haka ne, wanda bai wuce ba ba korarsa aka yi ba, hanya aka canza masa.

Babbar Yaya:
Jama'a na dawo, sun amsa yau da rana, a rubuce kamar yadda Anti ta ce. Ta gasa ce. Sun ba ni alƙaluman shekara uku ba tare da jan rai ba, kuma waɗanda suka wuce sun fi rabi a kowace shekara. An yarda a sake nema sau ɗaya. In ba ta wuce ba, duk kwasa-kwasan gama-gari za a lissafa mata, na situdiyo kuma za su zama na zaɓi a wani sashen. Sun haɗo da takardar ma'aunin da kwamiti ke amfani da ita, shafi ɗaya ce tak, kuma abu na farko a kai shi ne matakan aiki, kafin ma tsaftar gamawa. Na buga ta na manna mata a jikin bango. Ta ce za ta je. Ni dai gabana bai daina faɗuwa ba.

Sarkin Gardama:
To tunda sun fito da lissafi a fili, na janye kalmar kasuwanci a kan wannan ɗaya. Ɗaya kawai na ce.

Ɗan Kwali:
A rubuta ranar nan. Yaya, ki gaya mata ta riƙa sa kwanan wata a kowane shafi, kuma ta ɗauki hoton kowane samfur kafin ta rushe shi ta yi wani. Nawa na farko duk na tattake su na zubar, ranar da na buƙace su babu ko ɗaya.

Babbar Yaya:
Ai ka makara da kwana biyu. Jiya da na karanta mata labarinka sai na ga ta yi tsuru-tsuru. Ashe shekaranjiya ta zauna ta yayyage duk shafukan da ta ce sun yi muni a littafinta, wai kada ta je da abin kunya. Na tafi kwandon shara na tsinto su, guda 11, duk a cukuikuye. Yanzu haka dutsen guga na jona zan miƙar da su.

Malamin Situdiyo:
Kashe dutsen nan, zafi zai ɓata wanda ta yi da kalar kakin zuma, tawadar wasu alƙaluman ma takan dushe. Ki shimfiɗa su tsakanin manyan littattafai biyu su kwana. Gobe ta mayar da kowanne inda ta yago shi, ta liƙa da tef ta baya.

Ƙaramin Cikinku:
Malam na zana keken. Ban kalla ba kamar yadda ka ce. Sarƙar a tayar gaba na ɗaura ta.